Sabon gida, tsohon bashi: aikin da wani ofishin lauya ya yi mini a Sakkwato

Wannan bita ce ta aikin wani ƙaramin ofishin lauyoyi da ke tsakiyar garin Sakkwato, wanda ya tsaya mini lokacin da na sayi gida bara. Kuɗin da na biya su sun ci halaliyarsu, kuma da zan sake sayen gida wurinsu zan koma. Amma akwai inda suka ɓata mini rai, kuma zan faɗa. Sunan ofishin ba zan sa ba, domin shi babban Baristan da kansa ya roƙe ni, ya ce ƙa'idar sana'arsu ba ta son abin da ya yi kama da talla. Ko ba suna, mai niyyar sayen gida zai ga irin aikin da ya kamata ya nema daga duk lauyan da ya ɗauka.

Ni malamar sakandare ce. Kuɗin gidan, rabi gadon mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa, sauran kuma adashi ne da abin da maigidana ya ƙara. Shi yana aiki a Birnin Kebbi, sai ƙarshen mako yake zuwa, don haka Yayana ne ya zama wakilina a yawancin zaman da aka yi. Gidan yana ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka tsiro a bayan gari, inda ba da daɗewa ba gonakin gero ne. Wani Alhaji ne ya sayi babban fili, ya yanka shi, ya gina gidaje shida iri ɗaya don sayarwa: ɗaki uku da falo, tayil, silin mai ado, da rijiyar burtsatse guda da aka ja wa kowa famfo daga gare ta. Ranar da muka fara shiga warin fenti bai gama fita ba. Ba wanda ya taɓa kwana a ciki sai maigadi. Wanda ya shiga irin wannan gida, abin da zai duba shi ne tsagewar bango, yoyon rufi, ƙarfin ƙofofi, da ko ruwa yana kwanciya a layin da damina. Maganar haraji ba ta zuwa ran kowa, saboda a ganinmu bashi sai tsohon gida.

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da ofishin. A saman bene yake, ɗaki biyu ne da ɗan wurin jira, da sakatariya guda, da babban Barista, da wata ƙaramar lauya da ke aiki a ƙarƙashinsa. Ba wani ƙyale-ƙyale. Fanka ce kawai, kuma mun je ne cikin zafin watan Afrilu, wanda duk ɗan Sakkwato ya san yadda saman bene yake a lokacin. Kuɗin aikin da Barista ya yanka mini ya haura albashina na wata biyu. Na ji nauyinsa, ga la'adar dillali tana jira, ga kuɗin gyare-gyare. Yaya ma ya ce mini, "Ke dai kina son ki kashe kuɗɗi. Alhajin ga sananne ne, ga shaidu, ga mai unguwa, mi lauya za ya ƙara?" Na ce, "Yaya, ka bar ni in kashe, gadon Baba ne a ciki."

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayar da Barista ya yi a zaman farko. Dillali ya baje takardu a kan tebur: kwafin takardar shaidar mallaka da kowa ke kira C of O, taswirar safiyo, da izinin gini. Barista ya duba su ɗaya bayan ɗaya, bai ce komai ba, sai da ya gama ya ɗaga kai ya ce, "Ina rasit?" Dillali ya ce rasit na me. Ya ce na kuɗin ƙasa, da na harajin gida. Dillali ya yi dariya ya ce, "Haba Barista, sabon gida ne hwa. Ko lamba ba a sa mishi ba. Ba wanda ya taɓa kawo wata takarda." Barista ya ce to shi wannan ne ya dame shi.

Ya juyo ya yi mini bayani, kuma zan maimaita shi yadda na fahimta, don shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya.

Na farko kuɗin ƙasa. Tun ranar 29 ga Maris, 1978, lokacin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi a cikin gari haƙƙin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, kuma sashe na 10 na dokar ya ce duk wanda ya karɓi takardar shaidar mallaka ya ɗaure kansa da biyan kuɗin da gwamna ya yanka. Wato alƙawarin biyan yana cikin takardar kanta. Ba sai an aiko maka da wasiƙa ba kafin ya hau kanka. Shekara tana zagayowa, kuɗin yana hawa, ko fili ne fetal ba bulo ko ɗaya a kansa. Gidan sabo ne, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa tana da fayil da ya girmi ginin nesa ba kusa ba.

Na biyu harajin gida, wanda asalinsa na ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu akwai kimanta gidajen mutane domin ɗora musu harajin da Majalisar Dokokin jiha ta tsara. Shi wannan sai an yi gini yake tasowa. A nan ne sabon gida yake da tasa matsalar: an gama shi, amma bai shiga rajistar kowa ba. Ba lamba, layin ba suna, ma'aikacin da ke rabon takardu bai san da shi ba. Garin Sakkwato kuma ya daɗe da fin ƙarfin Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, ya malala cikin Wamakko da Dange-Shuni da Kware. Mutum zai ce maka yana zaune cikin gari, alhali bai san ƙaramar hukumar da gidansa ya faɗo ba sai ranar zaɓe. Wata rana za a zo ƙidayar gidaje, a shigar da shi, a kawo takarda. Ita takardar ba ta neman wanda ya gina. Ƙofa take nema, kuma wanda aka tarar a bayan ƙofar shi za a miƙa wa.

Barista ya ce a Legas tun 2001 aka haɗe kuɗin ƙasa da harajin gida cikin caji ɗaya, amma kowace jiha da tsarinta, don haka shi ba ya dogara da abin da aka ji a wani wuri. Fayil yake zuwa ya buɗe.

Ƙaramar Barista ce ta yi wannan aikin. Ta nemi izinin bincike a ofishin filaye, ta biya kuɗin binciken, ta kawo mini rasit ɗinsa. Rahoton da ta rubuta shafi biyu ne, kuma har yanzu yana cikin akwatina. Takardar mallakar ta gaskiya ce, ba jabu ba, ba a jinginar da filin ga banki ba, ba shari'a a kansa da ta bayyana a fayil. Wannan ya kwantar mini da hankali. Amma takardar guda ɗaya ce ta rufe filin gaba ɗaya, gidaje shidan duka a ƙarƙashinta suke. Kuma rasit na ƙarshe na kuɗin ƙasa da ke cikin fayil ɗin, wanda aka fara ba filin ne ya biya shi, shekara bakwai da suka wuce. Tun da filin ya koma hannun Alhaji ba a ƙara biyan ko kwabo ba. Adireshin da ke fayil ɗin ma na mutumin farko ne, wani akwatin gidan waya. In ma an taɓa aika takardar tuni, can ta tafi.

Bashin nan kamar gara yake a cikin azara: daga ƙasa rufi lafiya lau, sai ranar da aka taɓa shi. Ranar taɓawar kuwa ita ce ranar da zan nemi a mayar da gidan da sunana. Sashe na 22 na dokar 1978 ya hana mai haƙƙin zama sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna, kuma Barista ya ce a aikace ba a sa hannu kan wannan amincewa sai an share bashin kuɗin ƙasa. To wa zai share? Wanda ke bukatar takardar. Alhaji ya karɓi kuɗinsa ya wuce wani ginin, ni ce zan tsaya a gaban tebur. Kuma ba kason gidana kaɗai za a lissafa mini ba, tun da a fayil fili ɗaya ne. Sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama idan aka saɓa sharuɗɗan takardar. Da na ce ai wannan a rubuce kawai yake, sai Barista ya tuna mini abin da ya faru a Abuja a watan Maris na 2025, inda hukumar babban birnin tarayya ta soke takardun filaye 4,794 saboda an haura shekara goma ba a biya kuɗin ƙasa ba. Bai ce haka za a yi mana a Sakkwato ba. Cewa ya yi ikon yana nan a doka, kuma gwamnatoci sun farka da neman kuɗin shiga.

Wurin da na ga ƙwarewar mutumin nan sosai shi ne zaman da aka yi da Alhaji. Na shiga da fargaba, don na san halin manyanmu: ka ce wa dattijo ana binsa bashi a gaban mutane, ciniki ya watse. Alhaji ya zo da dillali da wani ɗansa. Ni da Yaya muna gefe. Barista ya tashi ya tarbe shi har bakin bene, aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa da zafi, aka kawo ruwa mai sanyi. Sai da aka natsu ya miƙa masa rahoton.

Alhaji ya sa tabarau ya duba, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Barista, ni ba a taɓa kawo min takarda ba. Wallahi ko guda. Abin da ba a nemi mutum ba, ƙaƙa za ya zama bashi?"

Barista ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda ba a kawo ba, ga dalili nan a rubuce, adireshin wani ne a fayil. Ba wanda ya ce ka ɓoye wani abu. Amma takardar mallakar ga da ke hannunka, ita ce takardar neman biyan. Ranar da anka sa mata hannu alƙawali ya hau."

Alhaji ya juyo wurina ya ce, "Malama, ke ma kin san ban cuce ki ba. Dubi aikin da anka yi a gidan ga." Na ce, "Alhaji, aiki ya yi kyau, shi ya sa nake son gidan. Ina so ne in shiga da kwanciyar hankali." Yaya, wanda da farko bai ga amfanin lauya ba, shi ne ya ƙara da cewa a shari'a ma aibin da mai kaya ya sani wajibi ne ya bayyana shi, kuma yanzu an sani. Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, yana juya carbi, sannan ya ce kuɗin ƙasa ya ji, zai biya, hakkin hukuma ne. Amma harajin gida, abin da ba a ƙirga ba, ba a san adadinsa ba, ba a ma san ko za a zo ba, shi ba zai biya iska ba.

A gaskiya maganarsa tana kan hanya, kuma Barista bai musa masa ba. Abin da ya ce shi ne akwai tambaya biyu da mutane ke cakuɗawa. Wanda hukuma za ta bi, wannan dokar jiha ce ke faɗa, kuma mu da muke zaune a ɗakin nan ba mu isa mu sauya ta ba. Amma tsakanin mai saye da mai sayarwa, wanda nauyin zai ƙare a kansa, wannan yarjejeniyarmu ce ke faɗa, kuma ita a hannunmu take. Sai ya kawo shawara: a ja layi a ranar miƙa makulli. Duk wani haraji ko kuɗin hukuma da ya shafi lokacin da ya gabaci wannan rana na Alhaji ne, an kawo takardarsa ko ba a kawo ba, an san adadinsa ko ba a sani ba. Duk abin da ya biyo baya nawa ne. Don kada ya zama magana a takarda kawai, a cire naira dubu 400 daga kuɗin gidan a ajiye amana a asusun ofishin na tsawon shekara ɗaya. In takarda ta zo, a biya daga ciki. In ba ta zo ba, ko ta zo an sami saura, a mayar wa Alhaji kuɗinsa cif.

An kai ruwa rana kan wannan ajiya. Alhaji ya ce ba a taɓa yi masa haka ba a duk cinikin da ya yi. Dillali ma ya shiga, don yana tsoron a taɓa la'adarsa. Barista bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Alhaji, kuɗɗinka ne, sunanka ne a kansu. In ba bashi, sun dawo gida." Ɗan Alhajin ne ya raɗa wa mahaifinsa wani abu, sai ya ce to a rubuta. Ya ƙara da cewa ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, ita ce ta ce a rubuta bashi. Da haka aka tashi, kowa da mutuncinsa. Wannan kaɗai ya isa kuɗin da na biya, domin ni ko Yaya ba mu da bakin da za mu nemi Alhaji ya bar kuɗinsa a hannun wani ba tare da ya ji an zarge shi ba.

Alhaji ya cika alƙawari. Kafin a biya shi cikon kuɗin gidan ya share kuɗin ƙasa na filin duka, aka sa kwafin rasit a takarduna. Maƙwabtana biyar sun amfana da wannan ba tare da sun sani ba.

Wani abin da ofishin ya yi, wanda ban taɓa jin wani ya yi ba, shi ne rubuta wa sashen kuɗin shiga na ƙaramar hukumarmu wasiƙa, cewa ga sabon gida a wuri kaza, an gama shi a wata kaza, ya koma hannun wance a rana kaza, ana neman a kimanta shi. Aka kai kwafi biyu, aka buga hatimin karɓa a kan ɗaya aka dawo da shi. Mutane da dama da na ba labari sun ce wannan ai kai kanka ne. Maigidana ma da farko bai so ba, ya ce wanda ba a tuna da shi ba me zai sa ya ɗaga hannu. Ni ina ganin daidai aka yi. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ake ta maganar yadda za su tsaya da ƙafarsu, kuma harajin gida yana cikin abin da tsarin mulki ya ba su. Unguwa irin tamu ba za ta ɓoyu har abada ba. Gara a zo a same ni da takarda mai hatimi da ke nuna ranar da na shiga, da a zo a yi mini ƙiyasi. Ban da haka, ni da nake ƙorafin ba magudanar ruwa a layinmu, ba a kwashe shara, ina jin kunyar in yi ƙorafin alhali gidana ba ya cikin lissafin masu biya.

Takardar ta zo bayan damina. Na dawo daga makaranta na tarar an liƙa ta a jikin get. Ba suna, "mai gida" kawai aka rubuta, da adadi, da wa'adin biya. Lissafin ya fara ne daga shekarar da aka gama ginin, wato ya haɗa da watannin da gidan yake tsaye ba kowa sai maigadi. Na ɗauki hotonta na tura wa ƙaramar Barista ta WhatsApp. Abin da ta fara ce mini shi ne kada in ba kowa kuɗi a hannu, ko da ya zo da riga mai tambari da littafin rasit, domin irin waɗannan sababbin unguwanni masu damfara ma suna zagaya su. Ta je da kanta ta tabbatar takardar daga ofishin ta fito, ta karɓo lambar asusun hukuma, ta raba lissafin gida biyu bisa ranar miƙa makulli. Kason Alhaji aka cire daga ajiyar, aka sanar da shi a rubuce. Nawa na biya a banki. Rasit biyu, duka suna hannuna. Adadin ba wani mai tayar da hankali ba ne, bai kai rabin abin da aka ajiye ba.

Maƙwabciyata ta gidan da ke kallon nawa ita ma ta tarar da irin takardar a get ɗinta. Su sun saya ne da takardar ciniki ta hannu, shaidu uku da sa hannun mai unguwa. Takardar tasu ta ce an sayar, an biya, an miƙa, ba ta ce komai kan abin da ya gabata ba. Mijinta ya je wurin Alhaji, Alhaji ya ce shi ya sayar ya gama, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba, don ba su yi wannan magana da shi ba. Sun biya duka. Kuɗin ba su ne suka fi ƙona mata rai ba. Ta ce mini abin da ya dame ta shi ne sai a lokacin ta gane gidan da suka zuba duk abin da suka tara har yanzu a fayil sunan wani yake ɗauke da shi.

Yanzu inda ofishin ya gaza.

Yarjejeniyar da Turanci aka rubuta ta, Turancin lauyoyi mai jimla ɗaya rabin shafi. Ni malama ce, na karanta, amma sai da na koma wasu wurare. Alhaji kuwa karatun allo da na zaure ya yi, ya fi ni sanin hukuncin ciniki, amma ba ya karanta wannan. Ranar sa hannu aka miƙa masa biro kawai aka nuna masa wuri. Ni ce na ce a tsaya a karanta masa da Hausa sakin layi bayan sakin layi, kuma na ga alamar ana ganin na ja lokaci. Wannan ba daidai ba ne. Ofishin da ke aiki a Sakkwato, wanda mafi yawan masu shigowa cikinsa da Hausa suke ciniki, ya kamata ya ba kowane ɓangare taƙaitaccen bayani da Hausa a rubuce, ko da shafi ɗaya ne. Mutum ya bar dubu 400 a hannunku, haƙƙinsa ne ya ji sharaɗin da kunnensa cikin harshensa. Kuma kariya ce gare ni, don gobe ba zai ce bai san abin da ya sa wa hannu ba.

Sai maganar waya. Babban Barista in yana kotu, ko ya tafi Kebbi ko Zamfara shari'a, ba ka samunsa, kuma ba ya kiran wanda ya kira shi. Akwai lokacin da Alhaji ya matsa a biya shi cikon kuɗi, dillali yana ce mini akwai wani mai saye a ƙasa, ni kuma ina ta kira ba amsa. Ƙaramar Barista ce ta riƙa cece ni, ita tana ɗauka ko da dare ne, amma akwai abin da ba ta iya yankewa sai ta ji daga gare shi. Wanda zai ba su aiki ya karɓi lambarta tun ranar farko.

Abu na ƙarshe ya fi ci mini rai. Kuɗin aikin an faɗa mini da baki, ba a rubuta ba. Daga baya aka riƙa neman ƙananan kuɗi, na mota, na kwafi, na bin fayil. Waɗanda aka biya hukuma duk an kawo mini rasit, ba ni da ƙorafi a kansu. Amma na zirga-zirgar ofis ba rasit, kuma ba a gaya mini tun farko cewa suna wajen kuɗin aikin ba. Ba na zargin an ci mini komai. Sai dai ofishin da ya koya mini cewa duk abin da ba a rubuta ba rigima ce ke jira, ya kamata ya fara da kansa. Na faɗa wa Barista haka a fuskarsa, ya karɓa, ya ce za su gyara.

Shekarar ajiya ta cika kwanan baya. An mayar wa Alhaji sauran kuɗinsa ta banki, aka ba ni kwafin shaidar turawa, shi kuma ya sa hannu cewa ya karɓa. Abin da ya rage shi ne raba takardar mallakar, a fitar wa gidana tasa da sunana. An shigar da neman amincewar gwamna, fayil yana tafiya, ƙaramar Barista ce ke bi. Har sai ta fito, kuɗin ƙasa na filin a haɗe zai riƙa zuwa, don haka na tara maƙwabtan nan biyar muka yarda kowa ya riƙa kawo kasonsa a farkon shekara, mutum ɗaya ya je ya biya, a yi kwafin rasit shida. Biyu daga cikinsu sun riga sun kai takardunsu ofishin don a shigar da nasu neman tare da nawa.